Rantsuwar da na tare a bakin abokina

Shekarun baya can, a shekarar da aka samu mulkin kai, ina zaune a Birnin Kebbi ina rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa. Iyakar karatuna firamare ne. Wani mutumin kudu mai kanti a unguwar Nassarawa ya ara mini littafin Turanci, labarin wani attajiri da aka iske a mace cikin ɗakinsa, da wani mai bincike da ke neman wanda ya kashe shi.

Ban iya cin daɗi ni kaɗai, sai na riƙa karanta shi a zaurenmu bayan la'asar, ina mayar wa mutane da Hausa. Sau ɗaya muke zama a mako, ranar da abokina, wani masunci, yake kawo kifin banda daga Argungu. Shi ne ya kafa mini sharaɗi kada a buɗe shafi ko ɗaya ba ya nan. Na amsa.

To ni mutum ne mai saka abu a rai. Duk alamu sun nuna mai kula da lambun attajirin, talaka mai 'ya'ya huɗu. Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba, ina tunanin za a rataye shi. Rana ta huɗu na kasa daurewa, na leƙa ƙarshen littafin. Ashe ƙanen mamacin ne. Hankalina ya kwanta a kan mai lambu, ya tashi a kan alkawarin da na karya.

Da mako ya zagayo, zaure ya cika. Wani ya ce matar ce, wani ya ce kuku ne. Mahaifiyata, wadda ke saurare daga bayan ƙofa tana tsince shinkafa, ta aiko muryarta ta ce ita dai ba ta yarda da ƙanen ba. Aka tambaye ta dalili. Ta ce ba ta taɓa ganin wanda aka kashe wa ɗan'uwa da safe ya cinye abincin rana har ya nemi ƙari ba. Aka yi dariya, ni kuwa na dubi ƙasa.

Abokina ya ce, "Inna, ki bar wanga zance ga maza. Ni da ka gane kifi tun yana ƙarƙashin ruwa? Mai lambu ne."

Aka yi ta tsokanarsa har ya hasala. Lokacin kuwa saura 'yan makonni a yi babban su na Argungu, wato bikin kamun kifi, ranar da yake jira shekara guda, har ya gama gyaran homarsa ta kamun kifi. Sai ya miƙe ya ɗaga yatsa.

"Wallahi in ba mai lambun nan ba ne, bana ba ni shiga ru..."

Ban san lokacin da na tashi na toshe masa baki da tafin hannuna ba. Littafi ya faɗi. Ya cire hannuna a hankali ya dube ni.

"Malam, ka leƙa ko?"

Na ce na leƙa. Na fara bayani a kan nauyin rantsuwa da kaffara, babu mai saurarona. Wani dattijo ya ce na zubar musu da miya tun ba a tuƙa tuwo ba. Duk da haka ba wanda ya tashi. Suka ce in ci gaba, amma in juya musu baya, kada fuskata ta ƙara tona wani abu. Haka na ƙarasa littafin cikin mako uku, ina fuskantar bango.

Ranar da mai binciken ya tara mutanen gidan ya kawo maganar abincin ranan nan, zauren ya ɗauki salati. Marubucin ya ajiye mana gaskiya a fili tun farko, mu duka muka tsallake ta, sai tsohuwa mai tsince shinkafa. Abokina ya ce wanda ya tsara wannan ya fi mai saƙa homa gwaninta.

Ya shiga ruwa ranar su. Kifin da ya fi girma cikin kamunsa mahaifiyata ya kawo wa, ni ko ƙaya ban samu ba. Da mai kanti ya ara mini littafi na biyu, abokina ya huda gefen shafukan ƙarshe ya ɗinke su da zaren homa.

Har yau ban tabbata ko na kyauta ba. Na ɓata wa mutum goma daɗin labari don mutum ɗaya ya shiga ruwa. Abokina ya rasu da daɗewa. Amma duk littafin irin wannan da ya zo hannuna, sai na nemi zare na ɗaure ƙarshensa kafin in fara, don na san halina.