Ruwan Sukari a Daɓen Shinkafa

Kwamitin masu injin shinkafa na unguwarmu a nan Lafiya sun kori Tersugh daga filin da ya yi rabin rayuwarsa yana gyara musu injina, sun kuma ƙwace motarsa ta wasa sun kulle a ofis. Laifin da suka ɗora masa, ɗan shugabansu ne ya aikata shi, kuma sun sani.

Tersugh Batibe ne, iyayensa manoman doya ne a wajen Ashige. Tun yana saurayi ya bar gona ya shigo gari koyon gyaran inji, har ya zama in injin casa ya tsaya a filin nan sunansa ake fara kira. Ba ya shan giya, ba ya caca, ko ƙwallo ba ya kallo. Abu ɗaya ne ya shiga ransa bayan ya manyanta: ƙananan motocin tsere da ake tuƙawa da rimot. Ba irin na kasuwa ba da yaro ke ɓallawa ranar salla. Waɗannan a warwatse suke zuwa cikin kwali, mutum ya zauna ya haɗa da hannunsa, noti bayan noti. Tsawonsu bai wuce kamu biyu ba, cikinsu kamar zai taɓa ƙasa, don haka ba sa tafiya sai a wuri mai laushi. A duk unguwar kuwa babu wuri mai laushi sai daɓen simintin da mata ke shanya shinkafar da suka turara. Ranar Lahadi da yamma ba a shanya, Tersugh ya nemi izini aka ba shi.

Kafin ya saya ya daɗe yana juya abin a ransa. Iri biyu ne na masu farawa, bambancinsu kuma a shasi yake, wato gangar ƙasan da komai ke zaune a kai. Akwai mai bel: faranti ne siriri, mara nauyi, a buɗe, bel na roba ke juya tayoyin. Akwai mai farfela: kwarya ce ta roba mai kauri, sandar ƙarfe ke kai ƙarfi gaba da baya, giyoyinta a rufe ruf. Mai bel ta fi kyau, ta fi santsin tafiya, kuma ita ransa ya so. Amma mutumin da kullum yake ciro buntu da tsakuwa daga bel ɗin inji ya san abin da filin shinkafa ke yi wa bel. Ya haɗiye yawu ya ɗauki mai farfela.

Matarsa Wandoo ba ta hana shi ba, amma ba ta bar shi ya huta ba. Tana ganinsa a tsakar gida da ƙaramar sukudireba sai ta ce, “Baban Mimidoo, in ka gama haɗa motar ka kai ni coci a ciki, na gaji da keke Napep.” Shi kuma ya ce ta rage cin sakwara tukuna, motar ba ta ɗaukar lodi.

Daga cikin masu tsayawa kallo akwai Imrana, ɗan Alhaji Mahmuda shugaban kwamiti. Magidanci ne da 'ya'yansa, shi ke kula da injinan ubansa. Kallo ya koma sha'awa, sai ga shi ya yi odar tasa, mai bel, mai sheƙi. Tersugh ne ya haɗa masa ita, yana haɗawa yana shafa farantin kamar ba zai mayar ba.

Daga nan Lahadi ta zama tasu. In an share daɓen tas, motar Imrana kan shiga kwana kamar ruwa, ta bar ta Tersugh a baya tana fizgewa gefe ɗaya duk sanda ya taka mata wuta, halin mai farfela ke nan. Amma daɓen shinkafa ba ya zama tas. Iska na kaɗawa garin buntu ya sauka, sai motar Imrana mara nauyi ta kama sulɓi tana juyawa a wuri ɗaya, ko ƙwayar tsakuwa ta shige bel ɗin ta tsaya cak. Ta Tersugh kuwa da nauyinta haka za ta yi ta tafiya tana gurnani.

“Oga Tersugh, wannan ai ba mota ba ce, tarakta ce,” in ji Imrana.

“Tarakta ya kai gida,” in ji Tersugh, da Hausarsa da ba ta damu da mace ko namiji ba. “Amaryar naka yana can kwana yana rawa.”

'Yan kallo su kwashe da dariya. Imrana na dariyar shi ma, amma ba ta kai ciki.

Wata Lahadi cikin rani sai ga Imrana da injin feshi na gona a goye. Ya ce ya gani a waya, a ƙasashen waje ruwan sukari suke fesa wa filin tsere don tayoyi su kama ƙasa. Tersugh ya ce masa nan ba ƙasar waje ba ce, nan abincin mutane ake zubawa. Imrana ya rantse zai sa a kawo ruwa a wanke kafin duhu, ai filin kamar na gidansu ne. Ya fesa daga wannan bango zuwa wancan.

Zan faɗi wannan don kada a ce na ɓoye: Tersugh bai ɗauki motarsa ya tafi ba. Ya tsaya, ya yi tsere, kuma daɓen ya yi daɗi irin wanda bai taɓa ji ba. Ranar Imrana ya cinye shi sau da yawa. Da rana ta yi sanyi Tersugh ya sake tuna masa wankin, Imrana ya ce ya je kawai, masu ruwa na hanya. Ya yarda ya tafi gida. Iyakar laifinsa ke nan, ya yarda da maganar ɗan mai gida. Babu mai ruwan da aka kira.

Litinin da sassafe Mama Rekiya, wadda da turara shinkafa take riƙe marayunta, ta juye tata a daɓen tana tururi, sauran mata ma suka juye. Ɗumi da laima suka tayar da sukarin. Da suka zo motsawa da manjagara sai suka ji ƙasan ya kama, shinkafa ta manne da siminti ta haɗe da ƙura. Kafin rana ta take kiyashi sun yi baƙi a kai, ƙudaje sun rufe wurin. Abin da aka kankare, ko kaji sai sun yi tunani.

Tersugh na ƙarƙashin wani inji da sifana a hannu Mama Rekiya ta tsaya a kansa.

“Fito, ƙaton banza mai wasan yara! Gemu ya fara fari kana bin mota da gudu. Me marayuna suka yi maka?”

Ya fito yana cewa, “Mama, ki tsaya ki ji,” amma ba wanda ke ji. Ba na ganin laifinta. Duk wanda ya san filin nan, in an ce mota, Tersugh yake tunawa.

Aka kira shi ofishin kwamiti, aka ce ya zo da motar. Ya waiga bai ga Imrana ba, wai tun da safe an aike shi garin Awe sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Tersugh ya faɗi yadda aka yi, bai ƙara ba bai rage ba. Alhaji Mahmuda ya saurare shi yana jan carbi, sannan ya yi tambaya ɗaya.

“Wa ya fara kawo wasan nan filin nan?”

“Ni ne, Alhaji. Amma feshin...”

“To shi ke nan. Ajiye motar a nan.”

Dattawan da ke zaune, wasunsu sun ga Imrana da injin feshi da idonsu, suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu. Aka ce kada ya ƙara taka filin, ba wasa ba, ba aiki ba. Ya roƙa a bar shi ya cire batir ɗin motar, don in ya daɗe a ciki cikin zafi kumbura yake yi. Aka ce ya fita.

Yanzu injin markaɗe yake bi gida gida yana gyarawa, in ya samu. A kasuwa ana nuna Wandoo ana cewa ga matar wanda ya zuba wa shinkafa sukari. Ta daina tsokanarsa, kuma wannan shirun ya fi yi masa ciwo.

Da abin ya ɗan lafa, sai ga Imrana a ƙofar gidansa da kwali a hammata. Ya gaida Wandoo yana kallon ƙasa, ya buɗe kwalin. Motarsa ce mai bel, an goge ta tana ɗaukar ido.

“Oga, ka riƙe wannan. Na san tun farko ita kake so. Ka ɗan yi haƙuri, Baba ba shi da lafiya, hawan jini. In ya huce zan san yadda zan yi.”

Tersugh ya ɗauke ta. Ya juya taya da yatsa, bel ɗin ya bi ba ƙara ko kaɗan. Gaskiya ne, ita yake so, har yau. Ya daɗe yana kallonta.

“A ina zan tuƙa shi?” ya ce. “A kan yashin gidan nan?”

Ya ɗago ya dubi Imrana, ya ci gaba:

“Ka je gaban Mama Rekiya ka ce, ‘Ni ne na fesa.’ Ba shi da tsawo. Ka fi ni jin Hausa.”

“Oga, ba ka san Baba ba ne.”

Wandoo da ke tsaye bakin kicin ta ce, “Mun san shi. Yanzu kai ma mun san ka. Ɗauki kayanka.”

Tersugh ya mayar da motar cikin kwali, ya rufe da kansa, ya miƙa masa. Imrana ya hau babur ya tafi. Har yau bai je wurin Mama Rekiya ba, kuma kullum yana wuce ta a filin yana cewa sannu da aiki.

To, Alhaji Mahmuda, da kai nake, da ku dattawan kwamiti masu kallon takalma. Ku tara mutanen filin da rana tsaka, matan da shinkafarsu ta lalace su zauna a gaba. Ku tsayar da Imrana ya faɗa da bakinsa wanda ya goyo injin feshi. In za ku hana wasan mota a daɓen, ku hana, filinku ne, amma ku hana kowa. Ku fito wa Tersugh da motarsa, ku buɗe masa ƙofa ya koma aikinsa, kuma a gaban mutanen da kuka kore shi za ku ce ba shi ne ya yi ba.