Garbai Tela da Mataccen Tauraro

Garbai tela ne a Gure. Shekara talatin yana taka keke, bai taɓa ba mutum kayan sallarsa kafin a sauko daga idi ba. Amma da 'yarsa Fa'iza, mai karatun kimiyya a Yamai, ta bar masa amanar tsohuwar ordinater ɗinta, wato kwamfuta, sai ya rantse wannan karon za a ga cika alkawari.

Ta ce masa akwai matattun taurari, girmansu bai wuce gari guda ba amma sun fi rana nauyi, suna juyi suna kewaya abokan zamansu, suna girgiza sararin sama ba tsayawa. Girgizar ta yi ƙanƙanta ƙwarai, shi ya sa masana ke raba lissafin nemanta ga na'urorin mutane ta intanet. "Baba, don Allah kada a kashe ta sai na dawo hutu."

Fanon sola ɗaya ne a gidan, batir ɗaya, ba ya ɗaukar manyan kaya biyu. Garbai ya cire firijin da matarsa Yabawa ke sanyaya bisap, wato zoɓon sayarwa, ya jona ordinater. Fankarsa ma ya juya mata, shi yana ƙailula cikin gumi kamar an tsamo shi daga rijiya.

"Malam, tauraron naka ne zai sha mini bisap mai ɗumi?"

"Ke Yabawa, duniya ke jira na."

"Modu ma wata biyu yana jiran wandonsa. Shi ba a duniya yake ba?"

Wata uku ya yi yana gaya wa majalisa ko ƙiftawa na'urar ba ta yi ba. Da Fa'iza ta dawo, ya kira maƙwabta shaida. Ta duba, ta ce ba a ji komai a rabonsu ba, kuma sanin hakan ma aiki ne. Sai ta ƙara matsawa kusa.

"Baba, me ya sa take mutuwa kullum daga azahar zuwa la'asar?"

Garbai ya waiwaya a hankali. Yabawa ko ɗaga kai ba ta yi daga tankaɗe ba.

"Tauraro da rana tsaka, Malam? Wa ya taɓa gani? Hutar da ita nake."

Majalisa ta kwashe da dariya. Fa'iza ta ce ba a yi asara ba, daga inda ta tsaya take ɗorawa.

Garbai ya miƙe, ya cire fankarsa, ya rungume ta ya shige ɗaki.