Akwatin da Kaka Ta Zaɓa

Shekaranjiya jikana ya miƙo mini waya da hotunan akwatunan ƙara sauti guda biyu, irin na abin sawa a kunne. Ɗaya mai kwalabe ne, ɗaya mai taransisto, wai in taya shi zaɓe tunda ni 'yar mai gyaran rediyo ce. Na yi dariya har da hawaye. Wannan gardama ta girme shi nesa ba kusa ba, a tsakar gidanmu aka yi ta ina 'yar shekara tara.

A tsohon Zongon Lome muke a lokacin, zamanin jam'iyya ɗaya, da rediyo ke kwana yana wuni da waƙar yabon shugaba. Babana yana da rumfar gyara a ƙofar gida. Mutumin kwalba ne na gaske, wato ƙananan kwalaben nan da ke yin ja a cikin tsohon rediyo idan sun ɗau zafi. Yakan ce muryar da ta bi ta cikinsu tana fitowa da ɗumi da maiƙo. Ƙaninsa, Baba Ƙarami, ya yi makarantar Faransanci, shi kuwa taransisto ya sani, ba ya zafi, ba ya jiran wuta, batir huɗu sun ishe shi. Kullum suna kan wannan musu, ba mai sauka.

Kakarmu ita ta haife su duka. Babana ne ɗan farinta, saboda haka kunya ta hana ta kiran sunansa. "Mutumin nan" take ce masa. Ba ta yabonsa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ko tuwo za ta ba shi sai ta aiko ni. Al'ada ce, kowa ya sani, amma ko ina yarinya na lura da yadda yake sunkuyar da kai idan tana shi wa ƙaninsa albarka a gaban mutane.

'Yan uwan Kaka suna can ƙasar Nijar. Wasiƙarsu kaset ce, direban motar albasa ke kawowa. Da kunnenta ya yi nauyi, sai ya zama ko an ƙure ƙarar na'urar kunna kaset, maƙwabta ne ke jin sirrinmu, ita ko oho. 'Ya'yan nata suka sayo abin sawa a kunne, amma ƙarfinsa bai kai mata ba. Nan kowa ya shiga haɗa akwatin ƙara sauti irin nasa. Baba ya yi sati uku a kan nasa, har katako ya sa aka fere masa, ya goge shi da mai.

Wata Juma'a bayan la'asar kaset ta iso. Damina ce, iskar teku tana kaɗa shanya, ƙasa da danshi. Aka shimfiɗa wa Kaka tabarma, matan gida suka kewaye. Aka fara da na Baba Ƙarami, wani ɗan gwangwani da bai fi tafin hannu ba. Ta saurari gaisuwar farko ta yamutsa fuska.

"Wannan kamar ana kankare tukunya a kunnena," in ji ta.

Aka jona na Baba, aka jira kwalabe suka yi ja. Da aka ɗora mata, sai fuskarta ta saki. Ta lumshe ido ta ce, "Yawwa. Na mutumin nan ya fi. Shi nake so." A gaban kowa ta faɗa. Ban taɓa jin ta zaɓe shi a kan komai ba sai ranar. Matan gida suka yi guɗa ta tsokana, Baba Ƙarami ya ɗaga hannu ya ce, "Bon, Yaya, ka ci." Babana, mutum mai furfura a gemu, ya rasa inda zai sa idonsa don daɗi.

Kaset ta ci gaba. Da yake an ƙure ƙarar, muryar tana ɗan fitowa ta gefen kunnen Kaka, ni da Baba da ke tsugune kusa muna ji. Ƙanwarta ce ke magana. Bayan labarin gero da ruwan sama, sai muryarta ta karye, ta ce autansu ya rasu, an yi bakwai. Na dubi Kaka. Murmushi take tana gyaɗa kai. Daɗin muryar take ji, kalmomin ba sa isa gare ta.

Baba ya daɗe a tsugune. Ba wanda ya ji sai mu biyu, da ya yi shiru ya bari a gaya mata daga baya, da nasararsa tana nan. Sai ya miƙa hannu ya kashe akwatinsa.

"Ƙarami, kawo naka," ya ce. "Nawa daɗi ne da shi. Naka ne ke fitar da magana."

Da hannunsa ya jona na ƙaninsa, ya mayar da kaset baya. Kaka ta sake yamutsa fuska, ta saurara, ta saurara, can sai ta dafe ƙirji ta yi salati. Daga bakin 'yar uwarta ta ji, kamar yadda aka aiko mata. Gida ya ruɗe da kuka.

A cikin wannan hayaniya Baba ya sunkuci akwatinsa da zafinsa zai fita. Kaka, hawaye na zuba, ta ja zanena ta ce, "Bi mutumin nan da tsumma, kada ya ƙone hannunsa." Na bi shi da gudu na gaya masa yadda ta ce. Ya karɓi tsumman, ya sa na maimaita.

Daga ranar, ɗan gwangwanin ne a ɗakin Kaka har ta koma ga Allah, kuma Baba ne ke sayen batir. Bai daina cewa kwalba ta fi daɗi ba, kuma gaskiyarsa ne.

Yanzu saƙon murya yana zuwa daga Nijar kafin ka ƙifta ido, ba direba ba albasa. Uwaye suna kiran ɗan fari da sunansa, ni ma ina kiran nawa, ina yabonsa a gaban kowa, ban ga laifi ba. Shi babana sau ɗaya tak aka yabe shi a haka, kuma yabon bai yi minti goma a hannunsa ba ya mayar don uwarsa ta ji. Ni 'yar wannan mutumin ce, kuma duk inda na shiga da alfahari nake faɗin haka.