Hannun da Kada Ya Ɗauke

Kada ya cire mini hannun hagu daga gwiwa a shekarata ta biyar a golmo. Golmo shi ne noman da saurayi yake yi wa uban yarinya, shekara bakwai, kafin a ba shi ita. Saura mini biyu.

Mun gama huɗar dawa a gonar tsohon, uban yarinyar da nake nema, na sauka rafi in wanke laka. Ban ga komai ba. Na ji an ja ni kawai. Abokan nomana suka riƙe ƙafafuna, kadan ya tafi da rabonsa.

A wajenmu ba a kashe kada. Kakanni ne, haka aka ce mana tun muna yara, kuma ba sa taɓa ɗan gari sai mai laifi. Ina kwance a asibiti a Zuru aka fara tambayar abin da na aikata. Wasu suka ce sata, wasu suka ce matar wani. Ko masu zuwa coci tare da ni sun daina haɗa ido da ni.

Da na warke na je gaida tsohon. Bai yi maganar hannu ba, don abokaina sun yarda su ƙarasa mini noman. Ya ce in faɗi laifina, a yi abin da ake yi na wanke laifi, in ɗauki matata. Na ce ban yi komai ba. Ya ce to kada ba ya ƙarya. Da na ƙirƙiro wani laifi da an ba ni ita. Na ƙi.

Bayan wata takwas yayana soja ya zo hutu. Ya nuna mini hoto a wayarsa, ƙasusuwan wani kada da aka tono a hamadar Nijar. Kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Ya ce ya rayu tare da manyan dabbobin nan da suka ƙare, dainoso, tun babu ɗan Adam a duniya. Na tambaye shi me yake ci. Ya ce kifi, da duk abin da ya zo shan ruwa.

Ashe suna cizo tun babu mai laifin da za a hukunta. Na ja yayana muka je wajen tsohon. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar.

"Ɗana, wannan na ƙasar wasu ne," ya ce. "Namu ya san mutanensa."

Da kaka aka ba da yarinyar ga wani manomi a Ribah. Na ji ta yi kuka. Ban je ba.

Ban sake kwana a ƙauyen ba. Yanzu ina Zuru, ina tsaron babura a bakin kasuwa, ina kwana a ɗaki ɗaya bayan shagon wani mai sayar da siminti. Ban yi aure ba.