Saiwar da Yayyafi Ya Ruɗa

Jiya ɗiyata ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da ƙwayar wake cikin jiƙaƙƙiyar auduga, ta fidda 'yar farar saiwa. Wai radikil ake ce mata, ita ke fara fitowa daga iri. Sai na tuna kawuna na Tsibiri.

Shi binne yake yi, ya shuka hatsi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa. Wata shekara aka yi yayyafi, sai ruwa ya ɗauke. Ya tona da yatsa, ya ɗora ƙwaya a tafina. Saiwar ta fito, ta bushe kamar zare.

Ya ce, "Yayyafi ya ruɗe ta. Ɗauko hatsin tuwo, mu sake."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya ƙasar da yake kwance cikinta.