Abin da Ya Kira Sadaka

A lokacin ni kofur ne, ɗan wani ƙauye kusa da Gozaki, na bar noman masara na shiga soja. Da aka tura bataliyarmu aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa da yaƙi ya ɗaiɗaita, sai muka tafi tare da ɗan'uwana na nono. Mahaifiyata ta rasu ina jariri, tasa ce ta shayar da ni, Inna nake ce mata. Ranar tafiya ta ce ta ba ni amanarsa, don ta san shi da rawar kai.

Kusa da mu akwai sansanin 'yan gudun hijira, yawanci mata da yara. Ɗan'uwan nawa ne ke riƙe da siton abincinmu. Yakan ware kifin gwangwani da madara ya ce sadaka zai kai musu. An gargaɗe mu kada kowa ya ba su komai hannu da hannu, amma na ɗauka dokar marasa tausayi ce. Ɗan Musulmi ya ji sadaka kuma ya tsaya bincike? Sau da dama ni ke ɗaukar masa kwalin har bakin wani tanti, ya shiga, ni in juyo. Ana haka wata mata mai goyo ta kai ƙara, ta ce ba ya ba ta abincin sai ta ba shi kanta. Ya musa, ya yi ta rantsuwa. Ba ta da wani shaida sai wanda ke ɗaukar kwali. Kafin in shiga wurin jami'ar bincike ya tare ni, ya ce in tuna nonon da na sha, in ce ban san tantin ba. Na shiga na faɗi iya abin da na gani. Aka mayar da shi gida, daga baya aka kore shi daga aiki.

Labari ya riga ni isowa gida. Har a kasuwar Kafur ana cewa hassada ce ta sa na tona masa asiri don wata baƙuwa. Wannan bai dame ni ba. Inna ce damuwata. Na durƙusa zan yi mata bayani, ta ce ita ta san sadaka ɗanta ya yi, ba ta buƙatar jin sauran, in tashi.

Ban yi nadamar shaidar ba. Nadamata ita ce ban tambaye shi ba tun kwalin farko, lokacin da faɗa ɗaya zai iya tsare matar, ya tsare shi ma. Masu shirin tafiya irin wannan aiki, ku sani mai yunwa ba ta iya cewa a'a ga mai bindiga da abinci, shi ya sa aka kafa dokar. In na gida ya fara keɓe kaya, ku tsawata tun da wuri, in ya ƙi ku kai rahoto. Ni dai har yau ina zuwa gaida Inna. Tana amsa sallamata saboda wajibi ne, sannan ta ci gaba da surfenta.