Ƙaho Shida a Ragayar Umma

A gidanmu na Rano, sabon abu ba ya wucewa cikin gida kai tsaye. Sai ya fara sauka a turakar Baba, ya zauna can har ya gaji, sannan a miƙo mana shi da sunan kwance. Haka rediyo ta yi, haka fanka ta yi, haka agogon bango da ya iso ɗakin Umma da hannu ɗaya. Ni ce auta, don haka ni ce ƙarshen layi. Abin da Baba ya gama da shi, Yaya ya raina, Umma ta rasa inda za ta ajiye, shi ne nawa.

Rauta ma ta wannan ƙofar ta shigo. Yayana ne ya kawo ta, shekarar da na gama jami'a na dawo gida. 'Yar na'ura ce fara, ba ta fi sabulun wanki girma ba, ana sa mata layin waya a ciki ta riƙa raba wa wayoyin gida intanet. Baba ya jujjuya ta, ya sa mata albarka, ya saka ta a kabad ɗinsa na ƙarfe, inda yake ajiye turarensa da hular sallah da maganin tsutsar ciki na raguna. Aka huda ɗan rami ta baya, aka zura wayar wuta, ya kulle. Makullin yana aljihun rigarsa, kusa da zuciyarsa. A wurin Baba, abin da ke da daraja kulle shi ake yi, saboda ɓera da jikoki.

Tsakanin kabad ɗin nan da ɗakina akwai katangun ƙasa masu kauri irin ginin da, da turken ragunan da Baba yake kiwatawa ya sayar. Abin da yake isowa gare ni na sabis bai fi numfashin mai barci ba. In ina son saƙo ya tafi, sai in kifa turmi a bayan turakar, in hau, in ɗaga waya sama kamar mai nuna wa mutane jinjirin wata. A saman turmin nan na koyi jira. Na san yadda rana take sauka a kan duwatsun garinmu, na san lokacin da balbelu suke komawa gida, na san ragon da yake kallona da tausayi da wanda yake kallona da raini.

A nan kuma na lura da wani abu. Duk sanda Baba ya buɗe kabad don ya shafa turare, sai saƙonni su kwararo wayata kamar an ɓalle madatsar ruwa. Da ya rufe, shiru. Har ta kai ina daga kwance a ɗaki nake sanin Baba yana shirin fita masallaci.

Ina rubuta waƙoƙi, ko da yake a gida ana kiran abin "rubuce-rubucen Auta", da irin muryar da ake faɗin ƙaramin ciwon da ake sa ran zai warke da kansa. Akwai wani zaure na mata marubuta da suke haɗuwa ta bidiyo, kowace daga garinsu, a karanta, a yi gyara. Sun ba ni dama in karanta tawa, wadda na yi a kan gonar kakata ta Tarai. Shi ne karo na farko da wani ya nemi jin muryata ba don ya aike ni ba. Na hau turmi, na yi sallama, na buɗe baki, sabis ya ɗauke. An ce mini hotona ya daskare a fuskar wayoyinsu, baki a buɗe, ido ɗaya a lumshe, har suka gaji suka wuce ga ta gaba. Hajiyar da take jagorantar zaman ta aiko mini da saƙo mai taushi, ta ce za su sake ba ni dama a zama na gaba, amma daga nan sai in yi haƙuri, masu jira suna da yawa.

Na faɗa a gida. Umma ta ce Allah ya kyauta. Yaya ya ce ai waƙa ba ta ruɓewa.

Ba kukana ne ya sa aka tashi sauya rauta ba. Kawu ne, ƙanin Umma da ke Kibiya, wanda suke harkar dabbobi tare da Baba, ya turo bidiyon wasu raguna da aka yi wa farashi mai sauƙi. Bidiyon ya yi ta juyawa a wayar Baba bai buɗe ba, har wani ya riga shi. A ranar aka gane cewa gidanmu yana da matsalar intanet.

Yaya ya karɓo rauta uku daga shagon abokinsa don a duba a zaɓa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, Kawu ya zo takanas daga Kibiya. Ni aka ce in kawo fura. Na ajiye, na durƙusa a bakin ƙofa ina jan lokaci da ludayi.

Baba ya ɗauki ta farko, wata siririya marar eriya ko ɗaya. Ya ɗaga ta a tafin hannu, ya girgiza kai.

"Wannan ai ba ta ci ta ƙoshi ba. Ba nauyi."

"Kuma gundumi ce, Alhaji," in ji Kawu. "Ko ƙaho babu. Da me za ta kamo sabis ɗin?"

"Eriyarta a ciki take," in ji Yaya.

"To ta bar ta a cikin," in ji Baba, ya ture ta gefe.

Ta biyu tana da ƙaho biyu. Kawu ya ƙwanƙwasa bayanta da farce, ya kara a kunne, ya ce ba laifi, amma irin wadda ake saya wa yara ce su yi wasa. Sai Yaya ya buɗe kwali na uku a hankali, kamar mai buɗe lefe. Baƙa ce, mai faɗi, da ƙaho shida a tsaye. Baba ya ɗaga ta da hannu biyu, ya auna, ya shafa bayanta, ya juya ta ya leƙa ƙarƙashinta. Na tabbata da tana da baki sai ya duba haƙoranta.

"Yauwa," ya ce. "Ka ga dabba."

Yaya ya shiga karanto abin da ke jikin kwali da Turanci, yana fassarawa yadda ya ga dama. Ya ce tana ratsa katanga, tana ratsa bene, a ƙasar da aka ƙera ta ma har ƙarƙashin ƙasa take kaiwa. Kawu ya tambaya ko za ta kai Kibiya. Yaya ya ce in an daidaita ƙahonin, ba mamaki.

Na gyara durƙuso. "Baba, ina ganin ba laifin tsohuwar ba ne. Kabad ɗin ne. Ƙarfe yana tare sabis. Duk sanda ka buɗe, saƙo yana shigowa har ɗakina."

Yaya ya yi dariya har da buga cinya. "Auta, wannan ba waƙa ba ce, kimiyya ce."

"Wato leƙen asirina kike yi da waya," in ji Baba, yana murmushi. "Jeki, Allah ya yi miki albarka. Ki turo da ƙarin sukari."

Aka sayi mai ƙaho shida. Da aka zo saka ta a kabad, sai ta ƙi shiga, ƙahonin sun fi tsayin kantar kabad ɗin. Yaya ya lanƙwashe su ɗaya bayan ɗaya, suka kwanta a bayanta kamar kunnuwan akuyar da ruwa ya daka. Baba ya yafa mata ɗan ƙyalle saboda ƙura, ya kulle. Tsohuwar kuma aka miƙo mini ita a leda, har da layinta, wai in ji da ita.

Na zauna a tsakar gida ina kallonta a cinyata. A rumfar Umma akwai ragaya, irin ta igiya da ake rataye ƙwaryar nono don kada mage ta kai gare ta. Tana can sama, iska tana kaɗa ta, tana fuskantar sararin da ƙarfen sabis yake tsaye a bayan gari.

"Umma, ki ara mini ragayarki."

"Nonon fa, a kanki zan ɗora?"

Amma ta sauke ƙwaryar. Muka jawo wuta daga 'yar solar da take sanyaya zoɓon sayarwa, na hau turmi na zaunar da rautar a cikin ragaya. Fitilunta suka kama ɗaya bayan ɗaya, kore shar. Wayata ta shiga rawa a hannuna. Umma ta kira ƙawarta ta Lausu ta bidiyo, suka yi ta kallon juna suna dariya, ba wadda ta ce komai mai amfani.

A can turaka kuwa, dabbar Baba tana kwance a duhu da kunnuwa a lanƙwashe, ba ta kai ko bakin zaure.

Ban faɗa wa kowa ba, amma sabis ba ya ɓuya. Yaya ya shigo neman abinci, wayarsa da ta saba da tsohuwar ta kama da kanta, ta fara ƙara a aljihunsa. Ya tsaya da kwano a hannu, ya dubi waya, ya ɗaga kai ya dubi ragaya. Da safen ranar da zan yi karatuna ya dawo da saƙon Baba. Wai an yi bincike, an gano tsohuwar ta fi ƙarfi, sabuwar jabu ce aka sayar musu. Don haka mai ƙarfin ta koma wurin maigida, ni in karɓi baƙar in yi maneji.

"Yaya, yau ne fa. Da la'asar. Ku bari in gama mana."

"Baba yana jiran bidiyo daga Kibiya. Ke da za ki karanta waƙar gona, ko a rediyo ai kin saba jin irinta."

Ya miƙa hannu ya sauke ta. Ya ajiye mini baƙar a kan tabarma, ƙyallen Baba yana kanta har lokacin.

Ban san halinta ba. Ban taɓa ganin ta yi aiki ba, kuma kalmar jabu ta zauna mini a ƙirji. In ta ƙi, sai turmi, kuma na san abin da turmi ya yi mini. Na miƙar da ƙahoninta ɗaya bayan ɗaya, ina ba su haƙuri a zuci. Ba ta zauna daidai a ragaya ba, ƙahonin suka leƙo ta tsakanin igiyoyi ta ko'ina, kamar an kama ƙaguwa a raga. Umma ta dube ta ta ce, "Wannan ko mage ba za ta kusance ta ba." Na kwafi kalmar sirri daga ƙarƙashinta, na jira. Fitila ta yi ja, ta yi ja, ta daɗe tana ja. Sannan ta koma kore.

Da la'asar na zauna a kan tabarma, a ƙasa, kamar mutum. Fuskoki suka bayyana tar, har ina ganin zanen lallen hannun Hajiyar. Na karanta gonar kakata tun daga kunyar farko: tsamiyar da ke kan iyaka, da ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, da yadda take magana da dawa kamar 'ya'yanta.

Ina tsakiya sai na ga Baba a bayana ta cikin wayar. Ya fito daga turaka da tasa wayar a sama, yana bin sabis taku-taku kamar mai bin sawun ɓatacciyar tunkiya, har sawun ya kawo shi ƙarƙashin ragaya. Bai san ana ganinsa ba. Ya buɗe baki zai yi magana, Umma ta ɗaga masa hannu daga bakin murhu. Ya tsaya. Gonar mahaifiyarsa ce, ya san tsamiyar. Bai motsa ba har na kai ƙarshe.

Matan suka yi ta sa albarka. Hajiyar ta gyara mini baiti biyu, ta ce in kawo wata, ta kuma ce a gaida Alhajin da ke tsaye. Baba ya yi sauri ya gyara hula.

Da na kashe, ya yi gyaran murya. "Ashe abin da kike yi a kan turmi ke nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Tsamiyar nan ta gabas take, ba ta yamma ba."

"Zan gyara, Baba."

Ya ɗaga kai ya dubi ƙahonin da ke lilo a sama. "To, tunda wannan ta warke, a gaya wa Yayanki ya mayar da ita kabad. Waccan tsohuwar tun da ta koma ta sake kwantawa."

"Alhaji," in ji Umma, ba ta ko juyo daga tukunya ba, "sau nawa ake karɓar kwance a gidan nan? Ragayar tawa ce. Abin da ke cikinta ma, nono ne ko ƙaho, sai na sauke."

Baba ya dube ta, ya dube ni, ya dubi wayarsa, inda ragunan Kawu suka fara tafiya sumul ba tsayawa. Ya jawo turmin da ƙafa, ya zauna a kai.

Tsohuwar tana nan a kabad har yau, a kulle, da ƙyallenta. Baba ya ce hutawa take yi.